Ajin Ƙanana na Hanyar Vimtim

Kwanakin baya wasu 'yan kwaleji suka zo gidana a Lokuwa, waɗanda za a tura gwajin koyarwa, suna so in sa baki a ba su makaranta ta kusa. Wata yarinya a cikinsu, mai fara'a, ta ce, "Mama, ni dai a ba ni naziri, ajin ƙananan yara. Waƙa ce kawai da tafi, rana na yi tsaka mutum ya tashi." Sauran suka yi dariya. Ban yi mata faɗa ba. Na ce su gyara zama. Abin da na gaya musu shi zan gaya muku, ku da kuke shirin shiga aikin nan.

Sunana Rahila. Iyayena daga duwatsun Michika suka sauko Mubi. Na fara aiki ne a shekarar da aka raba Gongola aka ce yanzu mu 'yan Adamawa ne, a wata ƙaramar naziri ta coci, ɗaki ɗaya da rumfar kwano. Wadda ta koya mini aikin sunanta Mama Tabita, tsohuwa gajera wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Aikin farko da ta ba ni shi ne raba yaro da zanen uwarsa. Yaro ɗan shekara uku ya damƙe bakin zane da hannu biyu, uwa tana sauri za ta kasuwa, shi kuwa yana ihu har jijiyar wuyansa ta fito. Na kama hannunsa na fara ɓamɓare yatsun. Mama Tabita ta ce, "Rahila, sake shi. Ba akuya kike kwancewa ba." Ta durƙusa har idonta ya zo daidai da nasa, ta tambayi uwar da wane yare ake yi masa magana a gida. Aka ce Gude. Ta gaishe shi da Gude, ɗan abin da ta iya. Sannan ta sa uwar ta cire ɗankwalinta ta ba shi ya riƙe, ta kuma gaya masa da bakinta cewa za ta dawo. "Kada ki sulale," Mama Tabita ta ce wa uwar. "In kin gudu ba sallama, gobe ba zai yarda da ke ba, mu ma ba zai yarda da mu ba."

A Mubi aji ɗaya kan tara Fali da Gude da Kamwe da Fulatanci, Hausa kuma sai yaro ya ɗan fita waje yake tsintar ta. Don haka kafin ta bar ni in riƙe aji ni kaɗai, sai da na iya cewa zo, zauna, ruwa, fitsari, da ina ke ciwo, a kowane ɗaya daga cikinsu. Wanda bai iya waɗannan ba, wando zai yini yana wankewa.

Wankin ma aiki ne mai ƙa'ida. Yaro ya ɓata jikinsa, ba a kiran sunansa a gaban aji. Za ki ce kowa ya rufe ido a yi wasan barci, ki ja shi bayan ɗaki inda bokiti da sabulu suke, ki wanke shi, ki sa masa wandon gwanjo daga waɗanda kika ajiye, ki dawo da shi ta wata hanya kamar aike kuka je. In yara suka yi masa dariya sau ɗaya, kin rasa shi na zango guda.

Kayan aikinmu ba a sayar da su a kanti. Murfin kwalba muke tsinta a wajen masu lemo, mu tafasa, mu daka haƙoransu da dutse har su kwanta, da su ake ƙirga. Karan dawa bayan girbi mu yanka gajeru da dogaye, da su ake gina gida da keke. Yashi daga mayo, wato rafi, a tankaɗe a zuba a tsohon faranti, nan yaro ke fara rubutu da yatsa tun hannunsa bai isa riƙe fensir ba. Sai igiya doguwa mai ƙulli-ƙulli, kowane yaro ya riƙe ƙulli ɗaya in za a je bayan gida ko a tsallake titi. Dokar Mama Tabita ita ce duk abin da zai iya shiga hanci kada ya shiga aji. Duk da haka sai sun zo da nasu daga gida. Ranar da wani yaro ya cusa ƙwayar masara a hanci, na ɗauko tsinke. Ta buge hannuna. Ta kwantar da shi, ta toshe ɗaya ƙofar hancin da yatsa, ta sa bakinta a nasa ta hura sau ɗaya da ƙarfi. Masarar ta faɗo a kan tabarma.

Iyaye su ne masu cinikinmu, kuma ba abin da muke sayarwa suke so ba. Wani Alhaji mai kayan gyaran mashin ya zo mini da sassafe yana riƙe da hannun ɗansa. "Malama, tun da na kawo yaron nan ban ji Turanci a bakinsa ba. Kullum sai yashi a aljihu. Ba ku da bulala ne?" Na ce ranka ya daɗe, yanzu yana iya ba da labarin abin da ya gani a hanya daga farko har ƙarshe, da kuwa ba ya iyawa. Ya ce shi ba labari ya kawo shi koya ba. Ya mai da shi wata makaranta inda 'yan shekara uku ke zaune a benci suna rera abin da ba su san ma'anarsa ba. Irinsa suna da yawa. Manoma kuma da damina sai su turo miki yarinya 'yar shekara biyar da ƙaninta a baya, don uwa tana gona. Ki kore ta, kin kori biyu. Ki karɓe ta, kin zama mai reno.

Bayan Mama Tabita ta rasu na koma aikin gwamnati, a hankali har aka ba ni wata firamare a hanyar Vimtim in riƙe. A nan ko mace ce hedimasta ake ce mata, haka aka kira ni har na yi ritaya. Ina wurin aka ce kowace firamare ta buɗe ajin ƙanana. Umarni ya zo, malami bai zo ba, tabarma ba ta zo ba. Abin da yawancin shugabanni suka yi shi ne su ɗauki malamin da ya fi kowa rauni, ko mai ciwo, ko wadda ta kusa haihuwa, su jefa a ajin. Ni na ɗauki wadda ta fi kowa iya koyarwa, Malama Hauwa, Bafulatana daga Kolere, wadda ke riƙe da aji shida. Iyayen 'yan aji shida suka taru a ofishina. Ita kanta Hauwa ta yi kwanaki ba ta gaishe ni da kyau ba.

"Malama hedimasta, me na yi muku?"

Na ce, "Ba ki yi komai ba. Yaron da ya zo aji shida bai iya magana ba, me za ki koya masa? Gara ki tare shi tun daga ƙofa."

Shugabancin makaranta, in ba ku sani ba, rabinsa a jikin taga ake yin sa. Za ki tsaya waje inda malama ba ta ganin ki, ki saurara. Sauran rabin kuma kwano ne mai yoyo, da ramin bayan gida da ya cika, da hanyar Kolere da in an yi ruwa malama sai ta cire takalmi ta ratso taɓo. Na koya wa Hauwa duk abin da Mama Tabita ta koya mini. Kafin shekara ta zagayo ta fi ni.

A lokacin ne wata Dakta ta zo daga jami'a, mai bincike a kan azuzuwan ƙanana da yadda shugabanni ke riƙe su. Na saba da baƙi masu leƙa aji su duba bango su tafi. Ita wannan ta cire takalmi ta zauna a ƙarshen tabarma, kwana da kwanaki, ba ta ce uffan ba. Ranar da za ta tafi ta kira mu ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Ta ce, "Malama Hauwa, ajinki ya fi duk waɗanda na gani. Amma zan gaya miki abu ɗaya. In kin yi tambaya, ke kike amsawa. Yaro yana buɗe baki kin riga shi."

Hauwa ta ce, "Ai taimaka musu nake yi, Dakta."

"Na sani. Ki gwada yin shiru. Ki tambaya, ki haɗiye miyau, ki jira."

Ni da nake tsaye a taga kullum ban taɓa lura da wannan ba. Ranmu bai so ba, amma muka gwada. Jiran yana da wuya fiye da yadda kuke zato, don malami shiru tsoro yake ba shi. Da Hauwa ta iya shi, ajin ya canja. Wadda ta fi kowa canjawa wata yarinya ce Kwanye, 'yar Kamwe, uwarta na soya ƙosai a kasuwar cikin gari, ubanta manomi. Da ko sunanta ba ta faɗa. Bayan 'yan watanni sai da aka riƙa cewa Kwanye bar wani ya faɗi nasa. Ta ba da labarin akuyarsu, ta ba da na kakarta, ta rera waƙar coci da Kamwe ta fassara wa Hauwa da Hausarta ta yara.

Daktar ta ce za ta rubuta wa masu tsara dokokin ilimi cewa kyan ajin ƙanana ba a fenti yake ba, a bakin malama yake da kuma shugaban da ya san wa zai sa a ajin. Na yarda ta rubuta. Har taro aka kira mu a Yola aka karanta mana, aka yi tafi. Abin da ya iso makarantarmu bayan haka kujerun roba ne masu launi, da lilo na ƙarfe, da mai fenti da ya zana giwa a bango. Malami ko ɗaya ba a ƙara mana ba.

Sai shekarar dubu biyu da sha huɗu, ana cikin cirar gyaɗa. Da safe ne, yara suna aji. Mun daɗe muna jin 'yan bindiga sun shiga garuruwan arewa da mu, mutanen Michika ma sun cika gidajenmu. Ranar nan ƙarar harbi ta zo kusa, irin wadda ake ji a ƙirji. Manyan yara ba su jira kowa ba, ta taga suka fita. Ƙanana kuwa ba sa gudu, zama suke yi su yi kuka.

Babu kwalejin da ke koyar da yadda ake kwashe ajin ƙanana a irin wannan rana. Dokarmu ita ce ba a ba da yaro sai ga wanda aka sani. Na tsaya a ƙofa, iyaye suna zuwa a guje daga gonaki, ina duba fuska ina miƙa yaro. Wani ya zo ya ce maƙwabci ne, a ba shi na maƙwabcinsa. Ban san shi ba, amma yaron ya miƙa masa hannu, na ba shi. Da ƙarar ta matso, saura 'yan kaɗan waɗanda iyayensu ke cikin gari, hanya kuma ta yanke. Hauwa ta ɗauko igiyar nan ta bayan gida. Suka kama ƙulli kamar yadda suka saba, ta ce za mu je kallon dutse. Muka bi cikin dawa muka nufi tudu tare da jama'a.

A hanya muka yi ta cin karo da dangi, wannan ya ɗauki nasa, waccan ta goya nata. Da muka kai inda hanya ta rabu, saura uku. Biyu na san kakarsu a wani ƙauye ta kudu, na ce zan kai su. Kwanye ƙafarta ta kumbura, Hauwa ce ke goye da ita, mutanen Hauwa kuma sun yi gabas wajen iyaka. Ta ce, "Ku je, Malama. Wannan tawa ce sai na ga uwarta." Nan muka rabu.

Abin da ya biyo baya Hauwa ce ta gaya mini da muka sake haɗuwa. Ba su kai iyaka ba, 'yan bindigar suka riga su shiga ƙauyen da suka sauka. Suna tsayar da mutane suna tambayar suna da addini. Hauwa ta yage mayafinta ta lulluɓe wa yarinyar kai, ta ce mata, "Daga yau ke Aisha ce, 'yata ce ke. Kada ki buɗe baki. Ko an tambaye ki, kada ki amsa." Ta san in Kwanye ta fara, sai ta faɗi sunanta, ta faɗi na ubanta, ta rera waƙar coci. Da ɗaya daga cikinsu ya tsuguna ya tambayi yarinyar sunanta, Hauwa ta ce, "Bebiya ce, haka aka haife ta." Ya tafa hannu a bayan kunnenta. Yarinyar ba ta motsa ba.

Makonni suka yi a ƙauyen nan. Duk lokacin da Kwanye ta ja numfashi za ta yi magana, Hauwa ta sa tafin hannu ta rufe mata baki. Ko su biyu ne a ɗaki, don bango na zana ne. Daga baya suka samu suka tsallaka Kamaru, daga can aka kawo su Yola, inda aka gano uwar a wani sansani. Uban an kashe shi a hanyar gona tun ranar farko.

Da muka dawo Mubi, makarantar tana nan amma ba ƙofa ba taga, an yi girki da su. Tabarmi babu. Kujerun roba sun narke a wani lungu. Malamai da yawa ba su dawo ba: wani ya mutu, wasu sun nemi canji zuwa Yola, wata mijinta ya hana. Muka share toka, muka ɗebo sabon yashi, muka buɗe. Yaran da suka dawo ba su ne waɗanda suka tafi ba. Ka ba su karan dawa, bindiga suke haɗawa. Kwano ya faɗi a waje, aji duka ya kwanta a ƙasa ba wanda ya ce su kwanta.

Uwar Kwanye ta kawo ta da kanta. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Malama, yarinya na ya ƙi magana. Na kai asibiti, sun ce ba komai a wuya. Na kai addu'a. Ku ne kun buɗe bakin shi da, ku sake buɗewa."

Hauwa ta kama hannun yarinyar. Kowace safiya bayan ta sallami sauran su yi wasa, sai ta zauna da ita a gaban farantin yashi. Ta zana akuya, ta tambaya mene ne wannan, ta jira. Yarinyar ta kalli hannun Hauwa, ba yashin ba. Da Hauwa ta lura, sai ta riƙa zama a kan hannayenta. Haka suka yi ta yi har damina ta sauka. Wata rana ina taga na ji wata ƙaramar murya a shaƙe ta ce ruwa, da Kamwe. Hauwa ta tashi a hankali ta ɗebo ta ba ta, ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Bayan kwana biyu yarinyar ta sake faɗin wata kalma.

A makon nan ne aka zo daga ofis. Aji shida ba su da malami tun dawowarmu, jarrabawa ta matso. Jami'in da ya zo mutumin kirki ne, shi ma ƙaninsa ya ɓata. Ya ce, "Malama hedimasta, ba ni da wanda zan turo miki. Ajin ƙanana ba a jarrabawa a cikinsa. Ki san yadda za ki yi." Na duba ta kowace fuska. Ni kaina ina riƙe da aji biyu a ɗaki ɗaya. Na kira Hauwa.

Ta ce, "Ku ba ni zango ɗaya, Malama. Ta fara."

Na ce, "Ba ni da zango ɗaya."

"Wata ɗaya to."

Na ce ba ni da shi. Ranar Litinin ta koma aji shida. Ƙananan da suka isa muka tura aji ɗaya, sauran muka ce iyaye su riƙe su a gida zuwa wani lokaci.

Aji ɗaya a shekarar nan yara sun cika shi har bakin ƙofa, don 'yan gudun hijira sun ƙaru. Malamin ba mugu ba ne, amma mai irin wannan taro ba ya jiran kowa. Kwanye ta zauna a baya. Hauwa takan je wurinta lokacin hutun tara, amma a tsakiyar hayaniya ba a wannan aikin. Yarinyar ba ta sake cewa komai ba. Kafin shekara ta ƙare uwar ta cire ta, ta ce gara ta taya ta riƙon tire a kasuwa, can ba a bukatar baki, mai saye ya nuna ta miƙa. Hauwa ta ƙarasa da 'yan aji shida, suka yi jarrabawa, ta ajiye aiki ta koma wajen masu rabon kayan agaji. Ta zo yi mini sallama. Na ce ko wata rana za ta dawo aji. Ta ce, "Hannun nan ba ya koyarwa kuma, Malama."

Daktar ta kira ni a waya da ta ji mun dawo. Ta tambayi Hauwa, ta tambayi yarinyar nan mai labarin akuya, don ba ta manta ta ba. Na gaya mata. Ta ce za ta zo in hanya ta yi kyau. Na san da gaske take. Har na bar aiki ba ta samu zuwa ba.

Na yi ritaya a shekarar dubu biyu da sha bakwai. Ɗakin ƙanana a lokacin an mai da shi wurin ajiye karyayyun bencina. A makona na ƙarshe wata matashiya ta zo daga Vimtim da ƙafa, fartanya a kafaɗa, yaro a hannu, ta yi masa wanka ta shafa masa mai. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce ta kawo shi naziri, an ce mata a nan ake koya wa yara magana.

Na ce, "Da ne, 'yata. Yanzu babu."

"Yaushe za a buɗe?"

Na ce ban sani ba.

"To ina zan kai shi, Mama?"

Na ce ta tafi da shi gona, ta riƙa yi masa magana tana aiki, ta nuna masa abu ta tambaye shi, ta jira ya amsa.

Ta dube ni, ta ce, "Mama, ni kaɗai nake noman. Babansa ba ya nan tun shekarar gudu. In na sunkuya ba na ɗagowa sai yamma."

Ta ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Sannan ta juya yaron ta goya shi, ta ɗaure zanen sosai, ta ɗauki fartanyarta ta kama hanya.